Mawaƙan da ke zaune shiru sama da minti 40

Jama'a barkanmu da warhaka. Ku dubi bayan makaɗan simfonin nan da kyau, kun ga mutanen can da ke zazzaune cikin baƙaƙen kaya, hannu a cinya? Mawaƙa ne fa, wani lokacin har su ɗari, kuma haka za su zauna sama da minti 40 ba mai cewa uffan.

Ita simfoni asalinta kiɗa ne zalla, irin gogensu na Turawa da sarewa da ƙaho da ganguna, ba a sa baki. Mu mun saba 'yan amshi na karɓa tun baitin farko, toh can a al'ada ko mawaƙi ɗaya ba a sakawa. Sai ranar 7 ga Mayu 1824 a birnin Biyana na Ostiriya, Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya fito da simfoninsa ta 9, ya bar kiɗa ya cinye kashi uku, a na huɗu wani mai kaurin murya ya miƙe yana cewa abokai, ba irin wannan sautin ba, sai gaba ɗayan mawaƙan suka ɗauka da waƙen murna na Schiller, marubucin waƙoƙi ɗan Jamus, mai cewa mutane duka 'yan uwan juna ne. A lokacin kunnen Beethoven ya riga ya mutu, ya ba jama'a baya bai san ana tafi ba, sai da mawaƙiya Caroline Unger ta juyo da shi ya gani da idonsa.

Ni a wurina wannan jiran shi ne sirrin, kunne ya daɗe bai ji ɗan Adam ba, da murya ta shigo sai tsigar jiki ta tashi. Mahler, wani mai tsara kiɗan da ya zo bayan Beethoven, ya gane haka sosai, a simfoninsa ta 2 mawaƙa sai sun jira fiye da awa guda, kuma maimakon su ɓarke da ƙarfi sai su shigo ƙasa-ƙasa kamar raɗa suna maganar tashi bayan mutuwa, wallahi wurin nan ba na iya jinsa ina wani aiki. A ta 8 kuma, a birnin Munik na Jamus a 1910, ya juya abin, mutum kusan dubu a dandali kuma tun daga farko aka buɗe baki.

Yanzu haka a Osaka ta Japan, duk Disamba mutum 10,000 ke haɗuwa su rera kashin ƙarshen na Beethoven da Jamusanci. Ku sa abin ji a kunne, ga inda mawaƙan suke miƙewa nan.