Sharhi: Bakin ruwan Hamburg da masu iko da shi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai kai mu Hamburg, birnin da ke da tashar jiragen ruwa mafi girma a Jamus, inda aka tayar da sabuwar unguwa mai suna HafenCity a kan tsoffin matsayan jirage da sito-sito da filayen masana'antu na gaɓar kogin Elbe.

Kwantena ce ta kashe tsohuwar tashar. Tun daga shekarun 1960, da aka fara zuba kaya cikin waɗannan manyan akwatunan ƙarfe, jirage suka ƙara girma, suka bukaci ruwa mai zurfi da makeken filin sauke kaya. Ƙananan matsayan da aka haƙa tun ƙarni na 19, irin su Sandtorhafen da aka buɗe a 1866, suka yi musu kaɗan. Harka ta koma ɗaya gaɓar kogin, aka bar fili a gindin tsakiyar gari babu komai a cikinsa sai kangaye da tsoffin layukan dogo da ƙasar da masana'antar iskar gas ta gurɓata. A 1997 magajin gari Henning Voscherau ya bayyana shirin mayar da wurin unguwa, a 2000 aka amince da taswirar aikin. Faɗinsa hekta 157, abin da zai ƙara wa tsakiyar birnin kusan kashi 40 cikin 100.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari ya faru ne tun kafin a kafa tubali ko ɗaya. Dama yawancin filin tashar mallakar birnin ne, amma akwai kamfanonin da ke riƙe da gine-gine da takardun haya na dogon lokaci. Sai hukuma ta bi su cikin sirri tana saye, tana sama musu wani mazauni, ba ta bari dillalan filaye sun ji ƙamshin abin da ake dafawa ba. Ko da aka yi shela, fili yana hannun gari. Kamfanin da ke tafiyar da aikin, HafenCity Hamburg GmbH, na birnin ne ɗungurungum. Shi ke yanka fuloti, shi ke gindaya sharuɗɗa. Mai son gini ba ya samun fili don kawai ya fi kowa taya shi da tsada. Sai ya nuna abin da zai gina, da wanda zai zauna a ciki, da abin da zai yi da hawan ƙasa, wanda a manyan tituna ake so ya zama shaguna ko gidajen abinci ko wani wurin da jama'a ke shiga. Kuɗin filayen kuma da su ake yin tituna da gadoji da wuraren shaƙatawa.

Wannan iko shi ya sa bakin ruwan bai faɗa bayan katangar kowa ba. An tsara hanyar ƙafa ta kimanin kilomita 10 a gefen ruwa, kowa na bi, babu ƙofa babu mai gadi. Akwai lambun Lohsepark mai hekta 4 da ɗoriya da aka buɗe a 2016, akwai Baakenpark na 2018, wanda aka cike wani sashe na tsohon matsayin jirage da yashin kogi aka samar da shi. Makarantar firamare ta farko a unguwar, saboda ƙarancin fili, a saman rufinta yara ke wasa. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya iso a 2012, an kuma kafa jami'a. Duk wanda ya san yadda unguwannin ofisoshi zalla ke mutuwa da zarar an tashi aiki zai gane dalilin cakuɗa gidaje da ofisoshi da makarantu wuri guda.

Sai batun ruwa. Mutanen Hamburg ba su manta da ambaliyar 1962 ba, wadda ta ci rayuka 315 a birnin. HafenCity kuwa tana wajen babbar madatsar da ke kare gari. Maimakon a kewaye ta da ganuwa a raba mutane da kogi, sai aka ɗaga tituna da gine-gine a kan tudun da aka yi da hannu, kimanin mita 8 sama da matakin teku, aka bar hanyoyin ƙafa a ƙasa kusa da ruwa. Idan igiya ta taso ta shafe su na ɗan lokaci, ta janye, a share a ci gaba da bi.

To amma a shekarun farko an yi wa talaka rowa. Gidajen da aka fara ginawa a yammacin unguwar na masu hannu da shuni ne, har ta yi suna a matsayin unguwar attajirai. Sai daga 2011, zamanin da Olaf Scholz ya zama magajin gari, aka tsayar da ƙa'idar cewa kashi ɗaya cikin uku na sabbin gidaje ya zama mai rangwamen haya da gwamnati ke tallafawa. Matakin daidai ne, sai dai ya zo bayan an raba filaye mafi kyau. Kuma a nan abin ya fi ciwo, domin a shekarun 1880, lokacin da za a gina rukunin sito-siton Speicherstadt da ke maƙwabtaka, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, an tayar da mutane kusan 20,000 daga gidajensu, akasarinsu 'yan dako da ma'aikatan tashar. Birnin da ya taɓa korar talakawa daga bakin ruwa saboda kasuwanci, ya kamata a ce su ya fara tunawa da su ranar da filin ya dawo hannunsa.

Inda kuma hukuma ta bi son a sani, nan ta fi ƙonewa. Zauren kiɗa na Elbphilharmonie, da aka ɗora a kan tsohon siton koko da ganyen shayi da taba, an fara cewa birnin zai kashe Yuro miliyan 77. Da aka buɗe shi a Janairun 2017, kason birnin ya kai kusan miliyan 789. Gaskiya ginin ya zama abin alfahari, kuma akwai dandali a tsayin mita 37 da mutum zai hau ya kalli gari ko bai zo sauraron kiɗa ba. Na Elbtower ne babu abin kare shi. A 2018 aka damƙa wa kamfanin Signa na attajirin Austriya René Benko aikin dogon bene mai mita 245. A Oktoban 2023 aiki ya tsaya saboda ba a biya 'yan kwangila ba, kamfanin ya durƙushe, aka bar wa gari kango mai kusan mita 100 a bakin gadojin shiga birni.

Yanzu ido yana kan Baakenhöft, ɗaya daga cikin filaye masu daraja na ƙarshe da suka rage. A Fabrairun 2025 birnin ya cimma yarjejeniya da gidauniyar attajiri Klaus-Michael Kühne cewa za ta gina sabon gidan wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake yi cikin waƙa, a can, birnin kuma ya ba da fili ya gyara shi. Amma matsayin jirage na Baakenhafen, inda wannan fili yake, yana da tarihin da ya shafe mu 'yan Afirka. Daga nan ne aka riƙa loda sojojin Jamus tun daga 1904 zuwa ƙasar da ake kira Namibiya a yau, inda suka yi wa al'ummomin Herero da Nama kisan da Jamus da kanta ta amsa a 2021 cewa na ƙare dangi ne. Jiragen kamfanin Woermann ne suka yi jigilarsu, gidan kasuwancin Hamburg ɗin nan da ya taka rawa wajen shigar da Kamaru ƙarƙashin mulkin Jamus a 1884. Masana tarihi da ƙungiyoyin 'yan Afirka mazauna birnin sun daɗe suna neman a kafa wurin tunawa a nan.

Hamburg ta san yadda ake yin haka. A cikin Lohsepark ta keɓe wurin tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda 'yan Nazi suka kwashi Yahudawa da 'yan tsirarun al'ummomin Sinti da Roma sama da 8,000 zuwa sansanoninsu tsakanin 1940 da 1945, ta rubuta sunayensu. Filin Baakenhöft ma na birnin ne, shi ke da ikon sa sharaɗi. Ra'ayina shi ne a ware wa Herero da Nama wurinsu a rubuce, da faɗinsa da kuɗin gina shi, kafin a haƙa harsashin gidan opera.