Ƙofar Kemis a Buɗe Take ga 'Ya'yanmu: Jawabi ga Iyaye Hausawa Mazauna Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayena maza da mata, yayye da ƙanne, barkanku da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Lids da Bamingam cikin wannan sanyi. An ce in yi magana kan lafiyar matasa tunda aikin jinya nake yi. Ni na roƙi a kai ƙananan yara ɗaya ɗakin, domin maganar akwai nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina neman afuwar manya tun kafin in fara.

A ƙasar nan, likita ko nas za su iya ba yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba maganin hana ɗaukar ciki ba tare da sanin iyayenta ba. Abin ya daɗe. Wata uwa 'yar Katolika mai 'ya'ya goma, Victoria Gillick, ita ta shigar da ƙara don a hana hakan, kuma kukanta irin namu ne sak: yaya za a ba 'yata magani ban sani ba? Shari'ar ta kai har kotun ƙoli ta wancan lokacin, a 1985 aka yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba. Ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Fraser, shi ya gindaya sharuɗɗan da muke aiki da su har yau. Sai an tabbatar yarinyar ta fahimci abin da ake gaya mata, an lallashe ta ta sanar da iyayenta ta ƙi, an ga cewa da magani ko babu za ta yi abin da za ta yi, kuma hana ta zai cutar da lafiyarta. Sirrinta ba ya fita sai an ga tana cikin haɗari. Idan kuwa ba ta kai shekara 13 ba, doka ta ce ba ta da ikon amincewa da jima'i, dole a sanar da masu kare yara.

Sai maganin gaggawa, wanda ake sha bayan abu ya riga ya faru. Ƙwaya iri biyu ce. Levonelle da ire-irenta ana shan su cikin awa 72, wato kwana uku. Ita kuwa ellaOne tana kaiwa awa 120, kwana biyar. Akwai kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sakawa cikin kwana biyar, ita ta fi duka inganci. Aikin ƙwayar shi ne ta jinkirta fitowar ƙwan mace. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta kare kowa daga ciwon sanyi ko ƙanjamau. Ana bayar da ita kyauta a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, kuma daga Oktoban 2025 aka fara bayar da ita kyauta a kemis-kemis na Ingila.

Na san zuciyar wasu ta sosu. Ni Musulma ce, uwa ce, na san hukuncin zina, kuma abin da nake koya wa nawa 'ya'yan ke nan. Amma ko mun yarda ko ba mu yarda ba, wannan ƙofa a buɗe take, kuma babu wata takardar koke da ƙungiyarmu za ta rubuta ta rufe ta. Abin da ke hannunmu shi ne wa yarinya za ta fara nema idan ta shiga uku.

Bari in gaya muku yadda suke zuwa mana. Yarinya ce cikin kayan makaranta, da hijabinta, da ƙawarta a gefe tana riƙe mata jaka. Ta zauna a bakin kujera, ta kife waya a cinya, ba ta iya haɗa ido da kowa. Tambayarta ta farko ba ta magani ba ce. Cewa take, "Za ku faɗa wa mamana?" Sai ka tambayi yaushe abin ya faru, ta ƙirga da yatsu, ka tarar kwana shida ne ko bakwai. Duk waɗannan kwanakin a ɗakinta ta yi su, tana kuka tana binciken intanet, mahaifiyarta tana falo. Idan aka bi ta a hankali, wani lokaci sai a gano ba da son ranta ba ne. Babban mutum ne ya yaudare ta ko ya fi ƙarfinta, wani sa'in ma wanda yake shigowa gidan ana zuba masa abinci. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe tana bukatar maganin gaggawa, tana kuma bukatar maganin rigakafin ƙanjamau wanda dole a fara shi cikin awa 72. Tsoron duka da gori shi ya cinye mata kwanakin nan. Wannan tsoro kuwa a gidajenmu aka gina shi.

Batun makaranta ma mu san inda muka tsaya. Tun Satumban 2020 darasin zamantakewa da jima'i ya zama dole a makarantun sakandaren Ingila. Uba ko uwa za su iya neman a cire ɗansu daga ɓangaren jima'i, amma da zarar saura zango uku ya cika shekara 16, zaɓi ya koma hannun yaron. Darasin kimiyya da ke bayanin balaga da haihuwa kuwa babu cirewa. Kuna da damar ku nemi a nuna muku abin da ake koyarwa. Ku je ku gani da idonku, ku daina dogara da saƙon da ake yawo da shi a WhatsApp. Wanda ya ga zai cire ɗansa, haƙƙinsa ne, sai dai ya sani cewa ya ɗauki aikin ya ɗora wa kansa, domin wayar da ke aljihun yaron ba ta jiran izinin kowa.

Mu ma ai an koya mana. A makarantar Islamiyya, a Ahalari da Ishmawi, malam ya karantar da mu janaba da wanka da haila, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. A gida kuma akwai tsari. Uwa tana jin nauyin 'yar fari, ko sunanta ba ta kira, amma akwai kaka mai wasa da jika, akwai gwaggo, akwai ƙanwar uwa, su ke jan yarinya ɗaki su gaya mata abin da ya kamata. Mun taho Ingila da kunyar, mun baro kaka da gwaggo a Kano da Zariya da Damagaram. A gidan haya mai ɗaki biyu, uwa ce kaɗai, kuma uwar ta yi shiru.

Iyayena maza, ku ma maganar ta shafe ku. Kullum a kan 'ya mace muke tsayawa, samarinmu kuwa babu mai ce musu uffan. Ku zaunar da su ku gaya musu cewa kusantar yarinyar da ba ta kai 16 ba laifi ne a doka ko da ta ce ta yarda. Ajiye hoton tsiraicin wadda ba ta kai 18 ba, ko tura shi ga aboki, shi ma laifi ne da zai iya bin yaro har wurin neman aiki. Kuma ku gaya musu tsoron Allah a kan 'yar mutane, da bakinku na uba.

Akwai kuma abin da mukan fara tunani idan abu ya ɓaci, wato a sa ta a jirgi a kai ta gida a ɗaura mata aure. Daga Fabrairun 2023 aurar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne a Ingila da Wales, ko a masallaci aka ɗaura, ko fita da yarinyar aka yi aka ɗaura a wata ƙasa, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara bakwai. Ko babu doka ma, yarinyar da aka cuta ba ta cancanci a kore ta daga gaban iyayenta ba.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya. A zaɓi mata uku ko huɗu masu riƙe sirri, cikinsu a sami malama da ma'aikaciyar lafiya, su zama gwaggonnin 'yan matanmu, kowace yarinya ta san za ta iya kiransu ko da tsakar dare. A yi wa samari irin wannan da maza. Sharaɗin ɗaya ne: abin da aka ji ba ya zuwa gidan suna ko gidan biki, sai dai idan yaro yana cikin haɗari, a nan kam dole a kai maganar inda doka ta ce. Ni na sa sunana. Takardar tana wurin sakatare, mai so ya rubuta nasa kafin a tashi, mu haɗu bayan La'asar a taro mai zuwa mu tsara yadda za a yi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mana su. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.