Ƙasar da doka ta zaɓar wa mutane ƙwan lantarki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Essen nake magana da ku, a yammacin Jamus, cikin wani babban kantin kayan gini. Ku yi haƙuri da hayaniya, Asabar ce, gobe Lahadi kantuna a rufe suke, shi ya sa kowa ya fito sayayya.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga layin nan? Daga inda nake tsaye har can ƙurya duk ƙwayayen lantarki ne, dogo da gajere, fari da ja, har da wanda ake canza wa launi da waya. Amma ku nemo mini ƙwan nan da muka taso muka sani, mai siririn zaren ƙarfe a ciki, wanda in ya jima a kunne ba ka isa ka kai masa hannu ba. Babu shi. Wannan da na ɗauko, mai kama da na dā, kwaikwayo ne kawai. Ku matso ku gani: waɗannan zaruruwa masu ruwan ɗorawa LED ne aka jera, wato fitilar zamani mara cin wuta sosai, an yi masa siffar tsohon ne don masu kewarsa.

Dokar Tarayyar Turai ce ta kore shi daga kasuwa, kuma daki-daki aka bi. A watan Satumba na 2009 aka fara da mai wat 100, a 2010 mai 75, a 2011 mai 60, zuwa 2012 aka share masu 40 da 25. A 2018 kuma aka bi yawancin na halojin, wani nau'in ƙwai mai zaren ƙarfe shi ma. Ba a ce ɗan sanda zai shiga gidan kowa ya kwance ba. Wanda ke da shi ya ci gaba da kunna abinsa, mai kanti ma ya sayar da abin da ya rage masa, sabo ne dai ba a yarda a shigo da shi kasuwa ba. Hujjarsu ita ce, kusan kashi 95 cikin 100 na wutar da tsohon ƙwai ke ci zafi take zama, ɗan abin da ya rage ne haske.

To Jamusawa fa ba su ji daɗi ba. Mutanen da ko tsakar dare sai su tsaya wa jar danja ba mota ko ɗaya a titi, a kan ƙwan lantarki sai suka tubure. Aka yi ta rububin saye ana ɓoyewa. Akwai wani dattijo da muke bene ɗaya, ranar da na taya shi sauko da kaya ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe mini wani kwali shaƙe da masu wat 60, kowanne cikin takardarsa, ƙura ta rufe su. Ya ce shi ke biyan kuɗin wutarsa, ba wani ma'aikacin Tarayyar Turai a hedikwatarta da ke Brussels ba, don haka ba wanda zai gaya masa hasken da zai karanta jarida a ƙarƙashinsa.

Wanda ya fi kowa ba ni dariya kuma ɗan garin nan ne, wani injiniya mai suna Siegfried Rotthäuser. A 2010 ya sa aka ƙero masa tsofaffin ƙwayayen a Sin, masu wat 75 da 100, ya sa musu suna Heatball, ya ce shi fa ba fitila yake sayarwa ba, 'yar na'urar ɗumama ɗaki ce. Ai ku da bakinku kuka ce kashi 95 zafi ne, to ga abin ɗumama ɗaki, hasken kuma gyara ne. Guda 4,000 na farko nan da nan suka ƙare. Da ya sake yo odar 40,000 sai kwastam suka riƙe, aka je kotu a garin Aachen, alƙalai suka ce wasan ya yi kyau amma ƙwai dai ƙwai ne.

Ni dai ba zan ce mutanen nan wauta suka yi ba. Ku tuna me aka miƙa musu a madadinsa a 2009. LED lokacin tsada gare shi, haskensa kuma bai kai ya kawo ba. Abin da ke akwai shi ne mai murɗaɗɗen jikin nan da muke cewa ƙwan enaji. Ka kunna shi ka shiga banɗaki, sai ka kusa fitowa sannan ya gama kawo haske. Hasken kuma fari fat, fuskar mutum ta koma kamar ya kwana biyu a asibiti. Ga zaiba a cikinsa, in ya fashe sai a ce ka buɗe taga ka fitar da yara, kuma ba a jefa shi a kwandon shara na gida, sai ka kawo shi irin akwatin can da ke bakin ƙofar kanti. A ƙwace wa mutum abin da yake saye da kuɗi ƙalilan a ba shi wannan, dole ya yi ƙorafi. A ganina dokar ta riga kayan isowa da 'yan shekaru.

Amma zancen cewa a bar kowa ya zaɓa, kasuwa za ta gyara kanta, nan ne nake ɗan ja. Ku zo mu yi lissafi. Ku dubi bayan kwalin nan: wat 8, lumen 806. Lumen shi ne ma'aunin hasken kansa, kuma 806 daidai yake da abin da tsohon mai wat 60 ke bayarwa. Mu ce awa 4 kake kunnawa kullum. Tsohon zai ci maka kusan kilowat-awa 88 a shekara, wannan kuwa bai kai 12 ba. In muka ɗauki kuɗin wuta a santi 35 kowane kilowat-awa, tsohon ya cinye Yuro 30 da 'yan kai, sabon Yuro 4. Ƙwai ɗaya ke nan fa, a ɗaki ɗaya.

To me ya hana mutane ganin wannan da kansu? Yadda ake biyan wuta a nan ne. Kuɗi tsayayye ake cira daga asusunka duk wata, sai ƙarshen shekara a karanta mita a aiko maka da takarda, ko a yi maka ciko ko kai ka cika musu. Cikin wannan takarda ba za ka taɓa gane nawa firji ya ci nawa fitilar falo ta ci ba. A kanti kuwa farashi ne ke kallonka ido da ido, mai arha kuma shi hannu ke kai wa. Fitilun matakala da na farfajiya ma ba kai ke zaɓa ba, mai gida ne ke sawa, 'yan haya su raba kuɗin wutar a tsakaninsu.

Ku kwatanta da gida. Wa ya tilasta wa mai shago a Kano ko Maraɗi ya koma LED? Duk wanda ya haɗa sola da batir, ko yake zuba wa janareta mai da kuɗinsa, a daren farko zai gane. Ka jona ƙwayaye masu wat 100 guda huɗu a inbata, kafin a yi sallar isha'i ta fara kuka. Zafin aljihu nan take yake zuwa, shi ya sa mutanenmu suka canza ba tare da an bi su da sanda ba. Inda gwamnati ta sa hannu ma, kamar Gana, akwai dabara a ciki. A 2007, da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwayayen enaji miliyan 6 kyauta, sannan a 2008 ta hana shigo da tsohon. An fara ba mutane, sannan aka hana. Wannan ya fi kwanta mini a rai a kan yadda aka yi a nan.

Kuma wai 'yancin zaɓin da dattijon nan ke kewa, shi ma da sauran magana. A 1924 manyan kamfanonin ƙwai, ciki har da Osram na nan Jamus da Philips na Holan, sun haɗu a Janeba suka ƙulla yarjejeniya cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana aiki, wanda nasa ya wuce a ci shi tara. Wato tun kafin Brussels ta sa baki, akwai waɗanda suka zauna a ɗaki suka yanke wa mai saye abin da zai samu, su kuma ba wanda ya zaɓe su a akwati.

Amurka kam siyasa ce zalla. George W. Bush ne ya sa hannu a tasu dokar ta korar tsohon ƙwai a 2007, Trump ya sassauta ta a 2019, har yana cewa sabon hasken na mayar da fatarsa launin ruwan lemo, sannan a Agustan 2023 gwamnatin Biden ta fara aiwatar da hanin sosai.

Inda nake tare da masu ƙorafi har gobe shi ne wanda zafin yake nema da gaske. Mai kiwon kaji a gida da ke rataya wa 'yan tsaki ƙwai lokacin hunturu, in ka ba shi LED ka kashe masa jari. Nan ma sun gane haka, shi ya sa aka bar wasu. Ku ga wannan ɗan ƙaramin a ƙasan kanta, na cikin tanda ne, mai zaren ƙarfe na gaske, don LED ba ya jure wannan zafi. Jajayen fitilun ɗumama dabbobi ma suna nan ana sayarwa.

Ga masu shirin zuwa, ku sani sau da yawa in ka kama haya a Jamus ba za ka tarar da fitila ba, wayoyi ne kawai ke reto daga silin, kai za ka sayi komai. In kun zo saye ku duba lambar da ke da harafin K. Mai 2700 shi ne hasken nan mai ɗan ja irin na dā, mai 6500 shi ne fari fat. Uwargida ta ce in kuskura in kawo mata farin a falo zan dawo da shi da ƙafata, don haka biyu masu 2700 zan ɗauka. Layin biyan kuɗi ya yi tsawo, kuma ba sa son a ɗauki fuskokin mutane, bari in kashe kyamara a nan. Sai mun sake haɗuwa, a gaida mutanen gida.