Ɗige-ɗige na yawo, maɓalli ya ƙi dannuwa

[Fuskar kwamfuta: fararen ɗige-ɗige na yawo, layuka na haɗa su.]

Assalamu alaikum. Kwanan nan, daga Ringim har Gumel, duk yaron da ya fara koyon haɗa shafin intanet sai ya sa waɗannan ɗige-ɗigen a bayan rubutu. Kuma kuka ɗaya ake yi: ado ya fito, amma maɓallan shafin sun daina dannuwa. Wani har ya goge aikin mako guda, wai kwamfutarsa ta kamu da bairos. Lafiyarta ƙalau.

Bari mu wuce mai sauƙin da gudu. Laburaren (wato shiryayyen kod da wani ya riga ya rubuta) da kusan kowa ke ɗauka shi ne particles.js, na wani Bafaranshe, Vincent Garreau. Akwai kuma tsParticles na Matteo Bruni, wanda ya zo daga baya. Yau na farkon za mu taɓa. Ka yi div, wato akwati a cikin shafi, ka ba shi id, wato suna, particles-js. Ka jawo fayil ɗin laburaren a ƙasan shafi, ka kira particlesJS da saitinka. Shi ke nan, ga su sun fito.

In ba su fito ba, duba launi. Farare ne tun asali, kuma jan bangon da kake gani a shafin gwajin particles.js daga CSS yake, wato kod ɗin adon shafi, ba ya biyo laburaren. Fari a kan fari, sai dai ka yi ta leƙe.

[Shafin wani dillalin riɗi da zoɓo. Yatsa na danna koren maɓallin WhatsApp, shiru.]

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu ce shafin dillalin riɗi ne da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai saye daga Kano ya ga farashi, ya danna maɓallin WhatsApp sau uku, bai buɗe ba, ya tafi wajen wani.

Abin da ke faruwa shi ne, ɗige-ɗigen ba a kan shafin kai tsaye ake zana su ba. Laburaren na ƙirƙirar allon zane da ake kira canvas, ya shimfiɗa shi ya cika div ɗin nan. Allon ba shi da launi, kana hango abin da ke ƙarƙashinsa, amma yana nan. Kamar mai tebur ne da ya rufe kayansa da farar leda da damina: kana ganin biskit ɗin, in ka miƙa hannu leda za ka taɓa. Da ka ba div ɗin position, wato yadda zai zauna a shafi, ka sa absolute don ya rufe fuska, ya hau saman duk abin da ba a ba position ba. Duk dannawar mai saye, allon ne ke karɓa.

Nan sai mutane su garzaya wajen z-index, lambar da ke nuna abin da zai hau kan wani. Su sa wa maɓalli 999, wani ma 99999, kamar yana taya sa a kara. Ba abin da ya canja. Dalili: a kan akwati na yau da kullum, z-index ba ya aiki sai an ba shi position. Duba nan. Na sa wa akwatin rubutu position relative, z-index 1 kacal.

[A danna. WhatsApp ya buɗe.]

Ɗaya tak ta isa.

Amma tsaya, kar ka rufe bidiyon, don gyaran nan yana haifar da ƙanensa. Yanzu rubutu ne a sama. Kai linzami kan rubutun, ɗige-ɗigen ba sa gudu, ba sa bin ka, sun yi biris. Allon ya koma ƙasa, ba ya jin motsin hannunka. Shiga saiti, ƙarƙashin interactivity, ka nemo detect_on. An rubuta canvas. Mayar da shi window, wato ya saurari motsi daga duk fuskar burauza. Sannan ka mayar da div ɗin position fixed, top da left sifili, tsawo da faɗi ɗari bisa ɗari. In ka bar shi absolute, da zarar an gangara ƙasa sai ka ga linzami na nan, ɗige-ɗigen na watsewa can wani wuri.

Abubuwa uku ke nan: relative a kan rubutu, window a saiti, fixed a kan allo. Tsayar da bidiyon ka kwafa.

[Ƙaramar wayar itel kusa da kwamfuta, shafi ɗaya a buɗe.]

Saura yawa, kuma a nan ina da ra'ayi. Saitin gwaji na zuwa da ɗigo 80. Don ya ja layi, sai laburaren ya auna tazarar kowane ɗigo da kowane ɗan'uwansa, ya ga ko ta gaza pixel 150, wato ma'aunin tazara a fuskar kwamfuta. Ɗigo 80, awo 3,160 ke nan. Ka kai su 300 don burgewa, ya zama 44,850, kuma ana maimaita wannan wajen sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Kwamfutarka za ta jure. Wannan wayar fa? Ku kalli yadda take sarƙewa, bayanta har ya ɗau zafi. Mai ita kuma kuɗi ya biya a shagon caji da safe.

Ni dai a shafin ciniki ba na wuce 40, saurin yawonsu kuma in sauke shi daga 6 zuwa 2. A waya kuwa babu linzami, don haka onhover, saitin da ke sa ɗige-ɗigen su ji linzami, ba shi da wani amfani sosai, a kashe shi. In har yanzu tana nishi, je line_linked ka mayar da enable zuwa false. Layukan za su ɓace, ɗige-ɗigen na nan suna yawonsu, kuma mai saye zai iya gangarawa ya ga kuɗin buhu ba tare da shafin ya tsaya masa ba.