Gargaɗin Ƙauye Ya Iso, Ina Kuɗin Aiki?

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya ga yadda tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya zube a farkon Satumban 2024, bayan ya yi fiye da shekara 150 a tsaye, ba ya bukatar a ba shi labarin ambaliya. A daminar 2024 hukumomi sun ƙirga mutum kusan 400 da suka rasu a Nijar. To amma masallaci a cikin Damagaram yake, ya samu masu ɗaukar hoto, rumbun manomin Magariya ko Mirriya kuwa ruwa ya ci shi, geron ya yi tsiro a cikin laka, ba wanda ya ji.

Ba a rasa tsari ba. Akwai kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka, waɗanda ake kira SCAP-RU, masu lura da farashin tiyar hatsi da ciwon dabbobi da cikar tafki, suna kai rahoto ma'aikatar magajin gari. Rahoton yana isa, amma ya tarar da ma'aikatar da harajin kasuwa ne ke riƙe da ita, wadda wani lokacin ko man da za a zuba wa babur a je a ga ɓarnar ba ta da shi. Tun 2004 aka fara zaɓen magadan gari, a Afrilun 2024 aka rushe majalisunsu aka naɗa kantomomi, sai dai ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, wanda aka ɗora wa kaya ba gammo ba zai yi nisa ba.

Masu cewa laifin talaka ne da ya yi gini a hanyar ruwa, mu tambaye su: wa ya nuna masa wani fili? Masu cewa ƙaddara ce kuwa, mun yarda da ƙaddara, amma magudanar da shara ta toshe tun rani sakaci ne.

Ban ce kuɗi kaɗai zai tare korama ba, kuma dole a bi diddigin kowace jika. Amma kuɗin ya riga ruwa isowa! A watan Mayu ake bukatar shebur da buhunan yashi da man babur a hannun ƙaramar hukuma, tun sararin sama bai haɗa hadari ba, domin shinkafa da bargon da ake aikowa daga Yamai a watan Satumba sai sun tarar da mutane kwance a ajin makaranta.