Bayan guguwar Helene: ziyara wata ƙaramar tashar 'yan kwana-kwana a Karolina ta Arewa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau na fito da ku cikin tsaunukan yammacin jihar Karolina ta Arewa a nan Amurka, ba nisa da birnin Asheville. Wannan ginin mai manyan ƙofofi da kuke gani a bayana tashar 'yan kwana-kwana ce ta wani ɗan ƙauye. Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan layin ruwan ƙasa a jikin bango? Nan ambaliya ta tsaya.

Guguwar Helene ta sauka a gaɓar Filorida ranar 26 ga Satumban 2024, kashegari ruwanta ya iso nan. Tsakanin nan da teku akwai ɗaruruwan kilomita, shi ya sa ba wanda ya zaci abin zai kai haka. A ƙauyen Busick da ke yankin nan, ruwan saman da aka yi ya kai inci 30. Kogin Swannanoa da na French Broad suka yi toroƙo, ƙasa ta zaftare a wurare sama da 2,000, wani ɓangaren babbar hanyar I-40 ya rufta cikin kogi. Sama da mutum 100 suka rasu a jihar nan kaɗai. Mutanen Asheville kuwa sai 18 ga Nuwamba suka sake samun ruwan famfo mai shayuwa.

To abin da ya kawo ni shi ne mutanen cikin ginin nan. Kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka 'yan sa kai ne. Kafinta ne, manomi ne, direba ne, in oba-oba ta yi ƙara ya ajiye aikinsa ya ruga. Ranar da wayar salula ta ɗauke, gadoji suka tafi, su ne gwamnati a ƙauyukan nan. Da zarto mai inji suka riƙa buɗe hanya, suna bi gida-gida, alhali wasunsu nasu gidajen na cikin ruwa.

Yanzu ku dubi motar nan. Sabuwar irinta tana iya kai dala miliyan ɗaya, kuma ko an biya sai a shekara biyu ko fiye ana jiran kamfani ya ƙera. In taɓo ya shiga inji da wayoyin lantarki, an gama da ita. Haka rigunan shiga wuta da tukwanen iskar numfashi: ruwan ambaliya gauraye yake da mai da ƙazantar masai, ba a yi wa irin waɗannan kaya wankin gida a mayar da su aiki. Hukumar FEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin tarayyar Amurka, tana taimakawa, amma galibi sai ka kashe, ka kai takardu, sannan a biya ka. Tashar da ke rayuwa da ɗan harajin yanki da gudummawar maƙwabta, ina za ta samo na kashewar? Ni dai a ganina wannan tsarin ya fi dacewa da manyan birane masu akawu da lauyoyi.

Bari in juya ku ga dutsen can. Duk waɗannan itatuwan da ke kwance guguwa ce ta kayar, sama da eka 800,000 na dajin jihar abin ya shafa. Sun bushe sun zama makamashi, sun kuma toshe hanyoyin da motar kwana-kwana ke bi. A Maris ɗin 2025 gobarar daji ta tashi a gundumar Polk, kuma irin waɗannan 'yan sa kai na cikin waɗanda aka kira.

Ga shi sun fara shimfiɗa mesa a fili, yau ranar atisaye ce. An ce in ja gefe kada ruwa ya jiƙa mini kyamara, don haka mu koma bayan waccan motar mu kalla daga can.