Labarin Zuciya: Fuska Za a Tambaya ko Mai Ita?

Daga laccar da wani malami ya gabatar a wata makarantar Islamiyya da ke Mabera, Sakkwato.

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni yau gardama na zo yi da wannan karin magana, don fuskar nan ta taɓa yaudara ta. Ina da maƙwabci, shekara goma sha muna sahu ɗaya a masallaci. Sai ya fara wuce ni a ƙofar gida, na ɗaga hannu, ko kallo. Sati uku ina dafa abin a ciki, har na ce wa maiɗakina, mutumin nan ya sami kuɗi ne. Ranar da na tare shi na ce, "Malam, lafiya?" sai ya kama hannuna ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya ce, "Au, kai na? Wallahi ban gani sai dishi-dishi." Yanar ido ce ta rufe shi. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

A 1983 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Wimmer da Perner, sun gwada ƙananan yara. An nuna musu wani yaro ya ajiye cakulan a durowa ya fita wasa, uwarsa ta mayar da ita wata durowar. Aka tambaye su, in ya dawo ina zai duba? 'Yan ƙasa da shekara huɗu galibi sabon wurin suke nunawa, a ganinsu abin da suka sani kowa ya sani. To mu da furfura, in an karanta saƙonmu a WhatsApp ba a amsa ba, me muke yi in ba wannan ba?

Ku dubi sahabi Haɗib bin Abi Balta'a. A shekara ta 8 bayan Hijira ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su shirin Musulmi na tafiya Makka. Aka kama takardar, hujja a hannu. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya fara da tambayar Haɗib, mene ne wannan? Ashe iyalinsa ne a Makka ba su da dangin da za su kare su. Kuskure ne, babba ma, amma ba ridda ba ce, kuma tambayar ce ta bambance su.

Kuma mu nan mun san abin, mantawa muke. Bayarabe ya tsaya a kasuwa ya ce wa Bagobiri bawansa ne, a kwashe da dariya. Baƙo ya faɗi kalmar nan ɗaya, sai an raba faɗa.

Wani zai ce, Malam, in na tambaya ya yi min ƙarya fa? Yana yiwuwa. Sai dai a lokacin nauyin ya koma wuyansa. Maƙwabcin nawa dai an yi masa aikin idon, yanzu shi ke riga ni sallama tun daga bakin layi.